Zazzaɓi, harsashi da ƙurar zinare: Yadda jiki ke gane maƙiyinsa, da dalilin da nisan asibiti ke kisa a Birnin Gwari

A ƙarshen watan Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna, Uba Sani, ya je Birnin Gwari ya karɓi wasu 'yan bindiga da suka ce sun ajiye makamai, ya kuma sake buɗe kasuwar shanun garin bayan ta shafe shekaru a rufe. Tun daga lokacin muhawara ta karkata kan sulhun kansa: ko zai ɗore, da wa aka ƙulla shi, kuma ina makomar waɗanda aka kashe wa iyaye da 'ya'ya. Akwai wani lissafin da ba a cika yi ba, wato na mutanen da bindiga ba ta kashe nan take ba. Cikinsu akwai yaron da zazzaɓi ya kama a ƙauyen da ma'aikacin lafiya ya gudu ya bari, da manomin da harsashi ya huda wa ciki ya kwana biyu kafin a samu motar kai shi gari, da matashin da ya koma haƙar zinare saboda gona ta gagara.

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari tana da faɗin ƙasa fiye da murabba'in kilomita 6,000, kuma ƙidayar 2006 ta samu mutane fiye da 250,000 a cikinta. Dajinta, wanda ya haɗa da Gandun Kamuku, ya miƙe har Zamfara da Neja. Daga garin zuwa Kaduna kimanin kilomita 120 ne, ban da tazarar da mutumin Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa zai fara ci kafin ya iso garin.

Abin da ke faruwa a jikin waɗannan mutum uku, a cikin sa'o'in da ake neman mota ko kuɗi ko hanya, asalinsa ɗaya ne. Jiki yana da masu gadi da ke gane maƙiyi cikin mintuna, su tayar da kumburi da zazzaɓi. Wannan martani ne ke ceton rai, kuma shi ne ke kashewa idan aka bar shi ya daɗe yana ci.

Garkuwa iri biyu

Garkuwar jiki kashi biyu ce. Akwai wadda ake koya: jiki ya haɗu da ƙwayar cuta, ko a yi masa allurar rigakafi, ya ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, ya kuma riƙe kamanninta shekara da shekaru. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Sai dai a haɗuwar farko wannan garkuwa tana buƙatar mako guda zuwa biyu kafin ta kankama, alhali wasu ƙwayoyin bakteriya suna iya ninka yawansu duk bayan minti 20 idan wuri ya yi musu daɗi. Da jiki zai zauna jiran ta, da an gama da shi.

Abin da ke riƙe fagen kafin nan shi ne garkuwar da ake haihuwar mutum da ita. Matakinta na farko fata ce, da majina, da ruwan tsamin ciki, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan bangon ya tsage, akwai fararen ƙwayoyin jini da ke jira. Makrofaj tana zaune cikin tsoka da huhu da hanta da saifa tana haɗiye duk abin da ba ta yarda da shi ba. Nutrofil kuwa tana yawo cikin jini, ita ce ta fi yawa cikin fararen ƙwayoyin, kuma ita ce ke fara isa inda aka yi kira.

Masanin Rasha Élie Metchnikoff ne ya fara ganin wannan aiki a 1882, lokacin da ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku ya ga ƙananan ƙwayoyi sun yi mata dafifi. Ya samu kyautar Nobel a 1908. Tambayar da ta rage kusan shekaru ɗari ita ce: ƙwayar da ba ta da ido, ba ta taɓa haɗuwa da maƙiyin ba, yaya take gane shi?

Daga ƙudan 'ya'yan itace zuwa ɗan Adam

A 1989 wani masani a Jami'ar Yale ta Amurka, Charles Janeway, ya kawo amsa a matsayin hasashe. Ya ce dole ƙwayoyin jiki suna ɗauke da wasu furotin da ke gane alamomin da ƙwayoyin cuta da yawa suka yi tarayya a kansu, alamomin da jikin mutum ba ya da su, kuma ƙwayar cutar ba za ta iya yar da su ta rayu ba. Mai gadi ba ya buƙatar sanin sunan kowane ɓarawo idan dukansu ba sa iya tafiya sai da irin makami ɗaya.

Hujjar ta fito daga inda ba a zata ba. Tun 1985 ɗakin binciken Christiane Nüsslein-Volhard a Jamus ya bayyana wani furotin mai suna Toll a jikin ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, aka ɗauka aikinsa tsara surar ƙudan ne kawai tun yana ƙwai. A 1996 ayarin Jules Hoffmann a Faransa ya nuna cewa ƙudan da Toll ɗinsa ya lalace fumfuna ke lulluɓe shi har ya mutu. Shekara guda bayan haka Janeway da Ruslan Medzhitov suka nuna mutum ma yana da irinsa. A 1998 Bruce Beutler, a jihar Texas, ya gano dalilin da ya sa wasu ɓeraye ba sa jin gubar da ke bangon bakteriya: furotin ɗinsu mai suna TLR4 ya samu naƙasa. Hoffmann da Beutler sun samu rabon kyautar Nobel ta 2011.

Yanzu an san mutum yana da irin waɗannan masu gadi guda goma na dangin Toll. TLR4 yana gane wani maiƙo mai haɗe da sukari, LPS, da ke lulluɓe bakteriya irin na hanji da na taifot. TLR5 yana gane bulalar da bakteriya ke kaɗawa su yi iyo. TLR2 yana gane wasu sassan bangon ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka. Waɗannan a bakin ƙwayar halitta suke tsaye. Wasu kuma, TLR3 da 7 da 8 da 9, suna cikin jakunkunan da ƙwayar ke zuba abin da ta haɗiye, suna bincikar DNA da RNA na baƙo. Akwai kuma wasu dangin a can tsakar ƙwayar. RIG-I yana kama RNA na bairos. Shi kuma cGAS, wanda Zhijian Chen ya bayyana a 2013, yana ƙararrawa idan ya tarar da DNA a wurin da bai kamata a same shi ba.

Daga ganewa zuwa kumburi

Da zarar mai gadi ya kama alamar, saƙo yana bin furotin zuwa furotin har cibiyar ƙwayar halittar, inda wani mabuɗi mai suna NF-kB ke buɗe umarnin ƙera sinadaran yekuwa. Ana kiran su saitokin, kuma uku ne suka fi shahara: TNF, IL-1 da IL-6. Su ne ke shelanta wa sauran jiki cewa an shigo.

Ƙananan jijiyoyin jini na wurin sai su buɗe, jini ya ƙaru, wurin ya yi ja ya ɗau zafi. Bangon jijiyoyin ya saki, ruwa ya tsiyayo cikin tsoka, wurin ya kumbura. Bangon ya yi danƙo domin nutrofil da ke wucewa su maƙale su kutsa. Jijiyoyin jin zafi su ƙara kaifi, mutum ya daina taka ƙafar ko motsa hannun. Ja, zafi, kumburi da raɗaɗi: waɗannan alamomi huɗu marubucin Rum, Celsus, ya lissafa tun ƙarni na farko na Miladiyya, kuma duk wanda ƙaya ta taɓa karyewa a ƙafarsa ya san su. Mugunyar da ke biyo baya yawancinta gawarwakin nutrofil ne.

Idan yekuwar ta yi ƙarfi, saitokin sukan bi jini su isa ƙwaƙwalwa, su sa a ƙera wani sinadari, furostagilandin, wanda ke ɗaga ma'aunin zafin jiki daga digiri 37 zuwa 39 ko 40. Jiki sai ya ɗauka sanyi yake ji, mutum ya kama makyarkyata yana neman bargo ana tsakiyar rana. Kasala, rashin son abinci da ciwon gaɓoɓi duk aikin waɗannan sinadarai ne. Farasitamol yana rage ƙera furostagilandin ne a ƙwaƙwalwa, zafi ya sauka, ƙwayar cutar kuwa tana nan tana hayayyafa.

Akwai kuma wata na'ura ta daban da ayarin Jürg Tschopp ya bayyana a Suwizalan a 2002, infilamasom. Mafi shahara a cikinta ita ce NLRP3. Idan ta haɗu, takan kunna IL-1, ta kuma sa a huda bangon ƙwayar halittar har ta fashe, ta zubar da abin da ke cikinta domin maƙwabta su ji. Ƙwayar takan mutu, amma ta hana maƙiyi mafaka.

Yaron da zazzaɓi ya kama

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a 2023, mutum 597,000 suka mutu. Najeriya kaɗai ta ɗauki fiye da rubu'in kamuwar da kusan kashi 31 cikin 100 na mace-macen. Mafi yawan waɗanda ke mutuwa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A yanki mai daji da rafuka da fadamu irin Birnin Gwari, damina ce lokacinsa.

Bayan cizon sauro ƙwayar cutar takan ɓuya cikin hanta kimanin mako guda, yaro yana wasansa. Daga nan ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana cin sinadarin da ke ɗaukar iska. Ragowar abincin guba ce gare ta, sai ta dunƙule shi ya zama wani baƙin ƙanƙara mai suna himozoyin. Wannan baƙin ɗigo ne ya ja hankalin likitan sojan Faransa Alphonse Laveran har ya gano ƙwayar a Aljeriya a 1880. Duk bayan kimanin sa'o'i 48 jajayen ƙwayoyin da suka kamu sukan fashe, su zubo da sababbin ƙwayoyin cuta da himozoyin da gutsattsarin DNA. Makrofaj ta haɗiye, TLR9 ya gane DNA ɗin, NLRP3 ta ji himozoyin, TLR2 ya gane wani maiƙo na jikin ƙwayar. TNF da IL-1 su yi ambaliya, yaro ya hau rawar sanyi, jiki ya yi zafi, gumi ya karyo, a ce ya samu sauƙi. Zagaye na gaba ƙwayoyin sun ninka.

A 1990 Dominic Kwiatkowski da abokan aikinsa a Gambiya suka auna jinin yara masu wannan zazzaɓi, suka tarar TNF ya fi yawa a jinin waɗanda cutar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma ya fi yawa ƙwarai a jinin waɗanda suka mutu. Dalilin yana da nasaba da danƙon nan. Jajayen ƙwayoyin da suka kamu sukan manne a bangon ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, TNF ya ƙara wa bangon danƙo, hanya ta cushe, bango ya fara yoyo. Binciken da aka yi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa a Malawi, wanda aka wallafa a 2015, ya nuna yawancin yaran da suka mutu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ne har ta danne wurin da ke sarrafa numfashi. Jijjigar da dogon suman da a ƙauyuka da dama ake dangantawa da iska, a tsaya turare da tofi, sau da yawa wannan ne.

Tamowa takan ƙara dagula lamarin ta wata fuska. Shekarun da aka hana manoma zuwa gona, ko aka ɗora musu harajin girbi, sun bar yara da yunwa. Jikin yaron da tamowa ta ci ba ya iya tayar da cikakken martani, yana iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, wani lokaci ma ya yi sanyi. Uwar da ke jiran zazzaɓi kafin ta tsorata tana iya makara. Saboda haka ne ƙa'idar jinyar tamowa mai tsanani ta haɗa da maganin kashe bakteriya ko da ba a ga alama ba.

Manomin da harsashi ya sama

A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Gwaska suka kashe aƙalla mutum 45. Irin wannan adadi shi ke shiga labarai. Waɗanda suka tsira da rauni kuwa wani yaƙin ne ke fara musu.

Masu gadin jiki suna gane ɓarna kamar yadda suke gane baƙo. Polly Matzinger ce ta kawo wannan ra'ayi a 1994. Idan tsoka ta dagargaje, abubuwan da ya kamata su kasance a rufe cikin ƙwayoyin halitta sukan zubo waje. Cikinsu akwai maitokondiriya, ƙananan injinan da ke samar wa ƙwaya ƙarfi, waɗanda asalinsu daga bakteriya ne kuma har yanzu suna kama da su. Wani bincike na 2010 a Boston ya nuna gutsattsarinsu na yawo a jinin waɗanda suka samu mummunan rauni, jiki yana yi musu martani kamar cuta ce ta shigo. Don haka wanda aka harba yana iya zazzaɓi tun kafin raunin ya ruɓe.

Harsashi kuma ba ya shiga shi kaɗai. Yakan tura ƙasa da ƙyallen riga cikin tsoka, idan kuma ya huda hanji sai bakteriya masu LPS su malala cikin ciki. Muddin kumburin ya tsaya wuri ɗaya, amfani yake yi. Idan ƙwayoyin cutar ko gubarsu suka bazu, TLR4 sai ya tashi a ko'ina lokaci guda. Jijiyoyin jini na jiki duka su buɗe su yi yoyo, ƙarfin jini ya faɗi, ƙananan gudaji su toshe wasu hanyoyin, ƙoda ta daina fitar da fitsari, huhu ya cika da ruwa, hankali ya gushe. Wannan shi likitoci ke kira sefsis. Kamar wutar da aka cinna don share gona ce iska ta kwashe ta zuwa rumbu.

Wani ƙiyasi da aka wallafa a mujallar Lancet a 2020 ya nuna an samu sefsis kusan sau miliyan 49 a 2017, mutum miliyan 11 suka mutu, wato kusan ɗaya cikin kowace mutuwa biyar a duniya, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi muni. Ba masu rauni kaɗai yake kamawa ba. Mai jegon da mahaifarta ta kamu da jaririn da aka yanke wa cibiya da reza marar tsabta duk hanyar ɗaya suke bi. Alamominsa saurin numfashi, ruɗewa, ƙarancin fitsari da sanyin hannu da ƙafa. Ƙa'idar likitoci ita ce a fara maganin kashe bakteriya cikin sa'a guda idan jini ya faɗi, a ƙara ruwa, a wanke raunin ko a yi tiyata. Sa'a guda ke nan, a yankin da a ƙarshen 2021 aka katse layukan waya kusan wata biyu aka kuma hana hawa babur saboda dalilan tsaro.

Matashin da ke daka dutse

Birnin Gwari na cikin wuraren da ake haƙar zinare da hannu a arewa maso yamma. Zinaren yana cikin farin dutse, sai an fasa an niƙa kafin a wanke. Niƙan busasshen dutse yana tayar da ƙurar silika, kuma wadda ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani, domin ita ke isa ƙarshen huhu.

A can makrofaj takan haɗiye ƙwayar ƙurar kamar yadda za ta haɗiye bakteriya. Dutse ba ya narkewa, sai ya yaga jakar da aka zuba shi. A 2008 ɗakunan bincike da dama suka nuna cewa wannan yagewa tana tayar da NLRP3. Ƙwayar ta saki IL-1 ta mutu, ƙurar ta fito yadda take, wata makrofaj ta sake haɗiye ta. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, ko bayan mutum ya bar ramin. Kumburin da ba ya ƙarewa yakan koma tabo, huhu ya ƙandare, matashi ɗan shekara talatin ya riƙa haki idan ya ɗan yi sauri. Tabon ba ya warkewa. Kuma da yake makrofaj ɗin huhu su ne masu tare ƙwayar tarin fuka, haɗarin kamuwa da ita yakan ninka.

Ƙurar tana da wata illa ta daban idan dutsen yana da dalma. Gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, ta sake kashe 28 a 2015 a yankin Shikira na ƙaramar hukumar Rafi ta Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Hanyar rage illolin biyu ɗaya ce: jiƙa dutse da ruwa lokacin fasawa da niƙa, da raba wurin aikin da gidajen da yara ke wasa.

Me ya sa ba a kashe wutar da magani?

Tunda martanin jiki ne ke yin ɓarnar, hankali zai ce a danne shi. An gwada. A 1982 aka ba masu zazzaɓin sauro na ƙwaƙwalwa deksametason a Tailan, bai rage mutuwa ba, sai ma ya tsawaita suman. A Gambiya aka gwada maganin da ke kama TNF a jinin yara, sakamakon da ya fito a 1996 ya nuna bai rage mutuwa ba. Maganin eritoran, wanda aka ƙera domin toshe TLR4, an gwada shi kan masu sefsis kusan 2,000 bai yi amfani ba. A 2020 kuwa, a Birtaniya, deksametason ɗin nan ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi, amma bai taimaki waɗanda ba sa buƙatar iska ba. Wace cuta ce, kuma a wane mataki take, su ke yanke hukunci. Wannan gargaɗi ne ga masu sayen haɗin ƙwayoyi a kyamis, inda akan cusa deksametason ko makamancinsa: jiki zai yi daɗi, alamomin za su ɓuya, cutar ta samu fili.

Abin da ya tabbata yana ceto shi ne kawar da abin da ya tayar da masu gadin, da wuri. Gwajin da aka yi kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, ciki har da Najeriya, ya nuna a 2010 cewa allurar atesunet ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin 100 idan aka kwatanta da kwinin. Akwai kuma nau'insa na matsawa a dubura, wanda ma'aikacin lafiya na ƙauye zai iya sa wa ƙaramin yaro domin ya riƙe shi kafin a isa asibiti, da sharaɗin lallai a isa ɗin.

Inda ilimin ya yi babbar rana shi ne rigakafi. Garkuwar koyo ba ta motsawa sai masu gadin farko sun tashe ta, don haka ake haɗa allurai da dama da sinadarin da zai zuga su. Rigakafin zazzaɓin sauro na RTS,S, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2021, yana ɗauke da LPS da aka cire wa dafi, wanda ke taɓa TLR4 a hankali. Na R21, wanda Najeriya ta fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, mai zugarsa daga ɓawon wata bishiyar ƙasar Chile ake samo shi. Kumburin hannu da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu bayan allura, waɗanda masu yaɗa jita-jita ke kafa hujja da su, alama ce ta masu gadin sun ji kira.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Masu gadin jikin ɗan Kakangi ba su da bambanci da na ɗan Abuja. Bambancin yana cikin sa'o'in da ke tsakanin tashin kumburi da isowar magani, kuma waɗannan sa'o'i kasafin kuɗi da tsaro da hanya ne ke tsawaita su ko gajarta su.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti mai aiki. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe su nan take ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar raba wa yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin sauro wata-wata a lokacin damina, kuma Kaduna na cikin jihohin da ake yi.

Waɗannan su ne ma'aunin da za a iya gwada sulhun Birnin Gwari da su, mazaɓa bayan mazaɓa. Asibitoci nawa ne aka sake buɗewa, kuma ma'aikatansu suna kwana a can? Akwai abin gwajin zazzaɓi da allurar atesunet da ruwan ƙari a ciki, ko sai an rubuta wa mai jinya ya je ya nemo? Masu rabon maganin damina sun isa ƙauyukan da ke bakin daji da rugagen Fulani? Ina ake samun jini, kuma wace mota ce ke ɗaukar wanda babban asibitin garin ya tura Kaduna? Wa ke duba ƙurar da ke tashi a wuraren niƙan dutse? Duk tambayoyi ne da ke da amsa a takardun ƙaramar hukuma da na hukumar lafiya matakin farko ta jiha, kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofar neman irin waɗannan bayanai. Kansila, shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha su ne na kusa da za a fara tambaya, kafin damina ta kankama.